Rasuwar Gwaggo, Esin Ɗakin Mama Keziya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, tsoro kuma ya hau kanta ya zauna, ni Othniel Shekari, malamin firamare a Samaru, a madadin mahaifiyata Mama Keziya da ƙanwata Peace da ke aure a Kafanchan, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da 'yan ikilisiyarmu rasuwar esin ɗakin Mama, wato na'urar sanyaya ɗaki irin ta da, mai kama da akwati, wadda ake cusawa cikin bango. A gida Gwaggo muke ce mata. Rai ya yi halinsa ranar Talata da azahar, a tsakiyar bazarar nan, tana bakin aikinta.

Na san wasu za su karanta su yi dariya. Ku yi, ban hana ba. Ni ma da na taya ku, in da ba ni ne nake zama a bakin ƙofar ɗakin nan ina sauraron ƙirjin uwata ba.

Ba a san ranar haihuwar marigayiya ba. Mun same ta a Sabon Gari, a shagon Celestine mai gyaran firji da esi a unguwar PZ, ta riga ta manyanta, ta yi wa wani ofis bauta har fentinta ya koma kalar haƙorin mai cin goro. Mama ce ta raɗa mata suna ranar da aka fara kunna ta. Ta karkata kai ta saurari gunaguninta, ta ce, "Wannan ai Gwaggo Liya ce ta dawo." Gwaggo Liya yayar babanmu ce. Ta ƙare rayuwarta tana mita a gidanmu, kuma ba a taɓa samun wanda ya kai ta riƙon amana ba.

Ba don ƙawa muka kawo ta ba, ba kuma don a ce gidan Ticha akwai esi ba. Bayan bangon ɗakin Mama akwai wani siririn lungu, bayan lungun kuma gidan burodin Kefas. Kefas mutumin kirki ne, ya riga mu zama a layin, da itace yake gashi tun safe har la'asar. Mama kuwa tana da fuka tun tana budurwa, ga zuciya ta fara gajiya. Wata rana da zafi irin wannan, shekarun baya, na dawo daga makaranta na tarar da ita a durƙushe a bakin gado, ta buɗe baki tana neman iska, iska ta ƙi shiga. Leɓenta ya canza kala. A hannu na ɗauke ta zuwa bakin titi, keke mai ƙafa uku ya kai mu asibiti a Shika, kuma har yau ban iya tuna hanyar ba, abin da nake tunawa kawai shi ne yadda ta riƙe wuyan rigata. Da ta farfaɗo, likita ya ce abokan gabanta biyu ne, hayaƙi da zafi, in muna son ta mu raba ta da su.

Kefas ya ƙara wa bututun hayaƙinsa tsawo da kuɗinsa, Allah ya saka masa. Amma iska ba ta karɓar umarni, in ta juyo sai ta kwantar da hayaƙin a kan gidanmu. Tagogin falo da na ɗakina masu ganyen gilashi ne, ko an rufe su hayaƙi sai ya sami hanya. Saboda haka muka kira magini ya cire tagar ɗakin Mama, wadda ita kaɗai ce a ɗakin, ya zaunar da Gwaggo a gurbinta, fuskarta ciki, bayanta a lungu, ya toshe gefe da gefe da bulo da siminti. Tun daga ranar ɗakin ba shi da wata hanyar iska sai ƙofa, sai ita.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta zaɓen abinci. In wutar NEPA ta zo da ƙarfi ta ci, in ta zo kamar mai jinya ta lallaɓa, in an ɗauke gaba ɗaya ta karɓi na janareta ba tare da ta ɓata rai ba. Kalamanta ba su da yawa. In an kunna ta takan ce ƙwas, ta yi ɗan shiru kamar mai tuna wani abu, sannan ta girgiza jiki ta kama gurrr, ta yi ta yi har yamma. Can kuma sai ta sauke ajiyar zuciya, huuu, Mama ta amsa mata daga kan gado, "Sannu, Gwaggo, ni ma haka." Tun zuwanta ba mu ƙara yin irin waccan tafiyar ta Shika ba.

Kada wani ya ce ba a kula da ita ba. Kowace Asabar in na karya kumallo sai na zare ragar da ke gabanta, wadda take tare datti, in wanke ta a baho. Ruwan yakan fito baƙi ƙirin kamar na wankin gindin tukunya. Nakan tsaya ina kallonsa kafin in zubar, ina cewa a raina, wannan duk ƙirjin Mama ya nufa aka tare shi a hanya. Duk farkon bazara kuma Celestine yakan zo ya wanke ta ciki da bai, ya duba gas, ya ɗaure abin da ya saki. Bana ma ya zo, ya ce lafiyarta ƙalau.

Jinyarta ta fara ne da canjin murya. Gunagunin ya yi nauyi, sanyin ya ragu, takan ce ƙwas ta tsaya, ta sake cewa ƙwas, kamar mai son magana tari ya hana ta. Na wanke raga, na sake wankewa. Na zagi NEPA, na zargi janareta. Na kira Celestine, ashe ya tafi garinsu jana'iza, ya ce in yi haƙuri yana hanya. Ranar Talata tun daga ƙofar gida na ji shirun. Ɗakin na warin ƙonanniyar waya. Mama na zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyi da hannu biyu, kafaɗunta na hawa suna sauka. Ta ce, "Othi, Gwaggo," ta tsaya ta ja iska, "ta yi shiru." Na danna mata maganin shaƙa, Allah ya taimake mu abin ya lafa.

Washegari Celestine ya iso. Ya buɗe gabanta bai ga komai ba, sai ya zagaya lungu, inda ni ba ni da abin da ke kai ni. Jim kaɗan ya leƙo ya yafito ni waje, yana riƙe da wani abu ja da kore, toka ta dusashe shi.

"Oga Ticha, wane ne ya sa mata riga?"

Na ce wace riga.

"Haba! Ta baya take fitar da zafi fa. An toshe mata hanci da baki. Kwamfaresa, wato zuciyarta, ya dahu a ciki, ba gyara."

Tun kafin in karɓa na gane hannun da ya yi ta. Wanda ya taɓa shiga gidanmu ya san Mama da saƙar kwarashi. Rediyo na da riga, talabijin na da riga, filas ɗin shayi da keken ɗinki da Littafi Mai Tsarki kowa da tasa. A wurin Mama, abin da ba shi da riga ba shi da gata. Wannan kuwa ta fi sauran kyau. Ta yi mata shafi da leda mai kauri saboda ruwan da ake jira, ta sa mata igiya a baki don ta kama tsam, a tsakiya kuma ta saƙa da farin zare, SANNU DA AIKI.

Kefas ne ya ba ni sauran labarin, yana magana yana kallon ƙasa. Wata Lahadi bayan sujada, ranar da ba ya kunna wuta, ni kuma na tsaya taron dattawa, Mama ta zagaya lungun da kujera 'yar tsuguno. Shi da kansa ya riƙe mata kujerar ta hau. Ta ce masa, "Ɗana, mu muna ciki muna shan sanyi, ita bayanta na waje rana na dukansa, toka na zuba masa. Ai ba a yi mata adalci ba." Shi kuma ya ce gaskiya ne, Mama, har ya taya ta ɗaure igiyar. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Ina roƙon duk mai zuwa gaisuwa, don girman Allah, ya riƙe wannan a cikinsa. Mama ba ta sani ba. Mun ce mata tsufa ne, ta yarda, har ta share hawaye ta ce da ta sani da tun zuwan Gwaggo ta yi mata rigar, ƙila da ta ƙara kwana. Ɓacin rai na tayar mata da ciwon kamar yadda hayaƙi ke yi, na taɓa gani da idona lokacin rasuwar babanmu. In ta ji cewa hannunta ne, ban san abin da zai biyo baya ba, kuma ba na son in sani. Musamman 'yan Zumuntar Mata, iyayena ne ku, ina girmama ku, amma na san labari ba ya kwana a wurinku. Wannan ɗaya dai ku bar shi ya kwana.

Marigayiya ta rasu ta bar janareta, abokin wahalarta, wanda yanzu yake zaune a tsakar gida ba shi da wanda zai yi wa hidima sai ƙwan fitila. Ta bar sitabilaiza, mai daidaita mata ƙarfin wuta, da ya sha duka saboda ita. Ta bar bokitin da ke tarar ruwan da take ɗigarwa, da yakuwar da Mama ke shayarwa da ruwan. Ta bar wata tsohuwar fankar silin, 'yar'uwa ta nesa, mai son taimako amma ba abin da ta iya sai kwaso zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan. Ta kuma bar tsohuwa ɗaya a ɗakin da ba shi da taga.

Halin da muke ciki ke nan, gaba kura baya sayaki. In na rufe ƙofa, kafin azahar ɗakin ya zama tanderu, gumi na bin wuyan Mama, zuciyarta na bugawa har ana gani ta saman riga. In na buɗe, hayaƙi ya biyo ta falo ya shigo. Na jiƙa zannuwa na rataya, na ajiye baho da ruwa a ƙarƙashin fanka, duk dabarar talaka na yi. Celestine ya zagaye Sabon Gari neman kwamfaresa irin nata, ya ce an daina haihuwar irinsu. Sabuwar esi kuwa, mun ji kuɗinta, ya fi ƙarfinmu. Peace da mijinta suna ƙoƙari, amma ba yau ba ne, ba gobe ba. Ta ce a kawo mata Mama Kafanchan, to wa zai sa mai irin wannan numfashi a mota cikin wannan rana? Sama kuma fari fat, ko alamar hadari babu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shirun ɗakin. Yanzu ina jin wata 'yar siririyar ƙara a ƙirjin Mama duk lokacin da ta ja iska, kamar fito daga nesa. Ban sani ba ko ta daɗe tana nan gunagunin Gwaggo ne yake rufe ta, ko kuwa sabuwa ce. Na tambayi Mama, ta ce in daina sa mata ido kamar kaza mai ƙwai. A aji ina rubutu a allo da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da waya. Jiya ta yi ƙara, alli ya faɗi daga hannuna, yara suka zuba mini ido, ashe masu tallan katin waya ne. Tsoro nake ji, jama'a. Ba ni da wata kalma da ta fi wannan.

Za a fitar da gawa ranar Asabar da safe, a gidanmu da ke Samaru, bayan gidan burodin Kefas. Kefas ya yi alkawarin ba zai hura wuta ba sai an gama, saboda haka ɗalibai masu jiran burodin safe su yi haƙuri. Celestine zai jagoranci cire ta daga bango. Gabriel kafinta zai sa katako mai ƙyaure a ramin da za ta bari, a riƙa rufe shi da rana, a buɗe da yamma in wutar gashi ta mutu. Tsakanin safe da yamman nan ne ba mu san yadda za mu yi ba.

Masu zuwa gaisuwa kada su shafa turare, kada su kawo soyayyen abu, kada kuma su shiga ɗakin fiye da mutum biyu a lokaci guda. Wanda yake son ya yi mana alheri ya zo tsakanin azahar da la'asar, ya zo da mafici, ya zauna kusa da Mama ya yi mata fifita yana ba ta labarin da ba shi da tayar da hankali.

Micah mai keke ne zai kai marigayiya makwancinta a PZ, inda za a raba abin da ya rage na jikinta ga mabukata. Na roƙe shi in ya sauke ta kada ya ɗauki fasinja, ya dawo ya tsaya a ƙofar gidanmu, ya juya hancin keken wajen Shika, ya bar makulli a jiki. Ya ce zai yi, bai tambaye ni dalili ba.

Ban taɓa rubuta sanarwar mutuwa ba sai wannan. Na zaci zan sha wuya, sai na ga kalmomin suna zuwa da kansu, hannuna ya iya da wuri. Ku taya ni addu'a kada in buƙaci wannan iyawar bana.