Yadda Za Ka Tsira da Mutuncinka Ranar da 'Yarka Ta Rera Kantiri

Idan kai ma irina ne, ka shekara talatin kana zuwa bikin kiɗa ba ka taɓa bari wani abu ya burge ka ba, to kai nake wa magana. Ni Wendell Haskins na ba ka tabbaci: bi matakan nan, za ka shiga fili kana masanin kiɗan rok, ka fito kana masanin rok, ko da 'yar cikinka ce ta ɗora hular kaboyi ta hau dandamali tana rera kantiri, wato waƙar ƙauye ta Turawa. Na gwada su bara a wata gona a Tennessee, ranar da aka ba 'yata Lacey minti ashirin da biyar a ƙaramar rumfa, karonta na farko a biki. Abu ɗaya ta roƙe ni: "Baba, ka tsaya a gaba, inda zan gan ka." Ga yadda na kare kaina.

Mataki na 1: Riga

Sa baƙar riga mai sunan wata ƙungiya da ta watse tun kafin a haifi rabin mutanen filin. In ta koɗe ta huje a hammata, ya fi. Ranar watan Yuni za ta gasa ka a cikinta, amma ilimi dama ba ya zuwa da sauƙi.

Matata Rhonda ta sa an buga mana riguna masu sunan Lacey. Na yi mata bayani cikin natsuwa cewa ba a sa rigar mawaƙin da za a je kallo, doka ce.

"Dokar wa?" in ji ta.

"Kowa ya sani."

"Wendell, 'yarka ce fa, ba mawaƙin da za a je kallo ba."

Kada ka tsaya musu da wanda bai san harka ba. Ninke rigar ka bar ta a mota.

Mataki na 2: Baki

Jimla biyu sun ishe ka yini guda. Ta farko: "Rok ya mutu tuntuni, waɗannan gawarsa suke ja." Faɗe ta duk lokacin da ka ga jama'a suna tsalle. Ta biyu: "Ina jin kowane irin kiɗa, ban da kantiri." In an tambaye ka dalili, ka ce waƙa ɗaya ce suke ta juyawa shekara saba'in: mata ta gudu, kare ya mutu, a-kori-kura ta ƙi tashi.

Ka nemi abokin da zai riƙa gyaɗa maka kai. Nawa Gordy ne, tun muna makarantar sakandare muke tare, kuma bai taɓa ƙarasa magana a gabana ba.

Mataki na 3: Wurin tsayuwa

Nan ne masu raunin zuciya suke faɗuwa. Gaba wurin masu jin daɗi ne, masu ɗaga waya da share hawaye. Masani yana can baya, gefen rumfar mai gyara sauti, hannuwa harɗe a ƙirji, fuska kamar wanda aka ba madarar da ta yi tsami.

Ƙarfe biyu da kwata Rhonda ta kutsa gaba ta kama min wuri. Gordy ya dube ni.

"Mutumina, ba za mu matsa ba? Yarinyar nan ta ce—"

"Daga nan ake jin sauti na gaskiya."

"Ai ba sauti ta ce ka zo—"

"Gordy, riƙe min kofin nan."

Mataki na 4: Idan jikinka ya ci amanarka

Zai ci kuwa, ka shirya. Lacey ta fito da jitarta, mai goge a dama, mai ganga a baya. Ta kare rana da tafin hannu ta bi layin gaba da kallo, ta ga uwarta, ta ga wurin da ke gefenta ba kowa, ta sake bin layin daga farko. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya sosa min rai. Da ta buɗe baki kuma, muryar ta cika rumfar har masu layin sayen gasasshiyar masara suka waiwayo, sai na ji alfahari ya taso min har wuya, na kuma tarar ƙafata ta dama tana buga ƙasa ba da izinina ba.

Maganin wannan sauƙi ne da shi. Taka ƙafar da ɗayar, ka kurɓi giyarka da ta riga ta yi ɗumi, ka ce gogen ya yi ƙara da yawa.

Mataki na 5: Kama ɓarawo

Kada ka taɓa sauraren abin da mawaƙi ke faɗa tsakanin waƙa da waƙa. Lokacin sharhinka ne. Kafin waƙa ta uku Lacey ta yi wata doguwar magana, jama'a suka yi ta waige-waige, ni kuwa ina tsakiyar koya wa Gordy inda ya kamata a kafa lasifika. Ya ja ni a riga, na ture hannunsa.

Sai aka fara waƙar, nan take kunnena ya tashi. Na san wannan karin. Ban tuna inda na san shi ba, amma na san shi sarai, har inda zai sauka kafin amshi. Babu abin da ke faranta ran masani kamar wannan.

"Satacce ne," na ce da ƙarfi, don na kusa su amfana. "Na taɓa ji. Ka ga halin 'yan kantiri ke nan, su ɗebo na wani su ɗora masa hula."

"Wendell, wannan ai—"

"Bari, zan tuno."

Mataki na 6: Gaskiya komai ɗacinta

Bayan an sauka muka same ta a bayan rumfa, gumi sharkaf, tana ƙoƙarin buɗe gorar ruwa.

"Baba, ina ka shiga? Na ce ka ɗaga hannu su gan ka, mutum ɗari uku suna nemanka."

"Ina baya, wajen sauti."

Ta haɗiye wannan. "To yaya ka ji ta ukun?"

A nan ake gane gwani. Kada ka duba fuskarta, duba can nesa.

"Muryar ba laifi. Amma karin ba naki ba ne, Lacey. Wani kika kwaikwaya, kuma duk mai kunne zai gane."

Rhonda ta rufe ido. Lacey ta ajiye gorar a hankali.

"Naka ne, Baba. Na faɗa a gaban kowa. A kaset na same shi cikin kwalin da ke ɗakin ajiya, wata shida ina sa masa baiti."

"Ni na buga maka ganga a kai," in ji Gordy, yau dai ya samu ya ƙarasa. "A garejin mahaifiyarka. Kai ka tsara shi, sakarai, mutum tara suka taɓa jin sa har da mu."

Mataki na 7: Kada ka ja da baya

Yanzu kowa yana jiranka. Za ka ji wata magana ta taso maka daga ciki, gajera, wadda kowane uba ya iya. Na ji ta, har ta iso bakina. Amma shekara talatin na horo ba wasa ba ne, kuma ga mai goge a tsaye yana saurare.

Na gyara murya na ce, "To, gaskiya na asalin ya fi."

Lacey ta dube ni, ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta ɗauki jitarta ta tafi taya makaɗanta loda kaya a mota.

A kula

Mai wannan rubutu ya yi alkawarin mutunci ne kawai, kuma ya cika. Babu ruwansa idan matarka ta yi tafiyar awa uku zuwa gida ba ta ce maka uffan ba. Babu ruwansa idan bana aka matsar da 'yarka zuwa babban dandamali, ta aiko da katin baƙi guda biyu, ɗaya da sunan uwarta ɗaya da sunan Gordy. Haka kuma kada a kawo masa ƙara idan aka ce ta cire waƙar nan daga jerin waƙoƙinta, ba ta ƙara rera ta ba ko sau ɗaya. Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya ga zai iya. Ni dai har yau ba wanda ya taɓa kama ni ina tafi.