Rasuwar Koren Ido, Rediyon Motar Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake bai cika har baki ba, iyalan gidan Inna suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda aka taɓa hana wa barcin rana, rasuwar rediyon motar Auta, wanda aka fi sani da Koren Ido. Inna, mahaifiyar Auta, ita ta rubuta wannan sanarwa, domin mai mutuwar, wato Auta, har yanzu hannunsa bai iya riƙe biro ba. Karatunta ba mai nisa ba ne, kuma da ka take rubutu. In an ga baƙaƙen sun yi girma, a yi haƙuri, dalilin yana nan gaba.

Marigayi ba ɗan asalin motar ba ne. Motar ta mahaifin Auta ce, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa babu rediyo a cikinta. Abin da ke wurin wani ɗan aljihu ne a gaba, inda Inna ke ajiye tabaraunta. In sun hau hanya ita ke magana, shi yana tuƙi yana cewa "to". Da Auta ya gaji motar ya fara haya da ita, sai ya gaji "to" ɗin ma. Duk ranar asibiti shi ke kai ta awon hawan jini, kuma a wannan hanyar ce kaɗai take samun kunnensa.

Sai ranar da aka kawo marigayi cikin kwali, an naɗe shi da farar leda kamar jariri. Mai wayarin ya zo ƙofar gida, ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, ya yini yana feƙe wayoyi da haƙori, ja da rawaya da baƙa. Ya huda ƙofofi ya dasa lasifika, ya ajiye wani ƙaton akwati mai gurnani a but ɗin bayan motar. Daga ƙarshe ya ɓalle aljihun nan, ya miƙo wa Inna tabaraunta ya ce, "Mama, a nema masa wani gida." Babu wanda ya yi shawara da ita. Da yamma baƙon ya buɗe koren idonsa ya ce "tirit-tirit", tagogin gidan suka amsa.

Tun daren farko ya nuna halinsa. Mai wayarin ya jona shi kai tsaye da batir, ko an zare makulli ba ya barci. Da safe mota ta ƙi tashi, matar Auta da maƙwabta suka yi ta turi har ƙarshen layi. Auta ya ce batirin ne ya tsufa. A bakin Auta dai marigayi bai taɓa yin laifi ba.

Amma ba a zagin mamaci, sai a faɗi alherinsa. Marigayi ba ya gajiya. Ba ya ciwon gwiwa, ba ya tambayar wa aka gani a kasuwa. Ba ya maimaita labari sai an danna shi. Yana da maɓallin rage murya, abin da Inna ta yarda ita ba a halicce ta da shi ba.

Ya kuma ga gata. Auta ya ware masa farin hankici na shi kaɗai. Kullum ya dawo aiki sai ya ɓalle fuskarsa, wato gaban nan mai ido da maɓallai, ya sa a ɗan gidanta ya jefa aljihun wando, don kada ɓarayi su gani ta gilashi su yi kwaɗayi. Inna ta goyi Auta har bayanta ya sage, amma ba ta tuna ranar da ya goge mata tabarau ba. Ba ƙorafi take yi ba. Tarihi ne.

A zamanin marigayi ne likita ya duba idon Inna na dama ya ce yanar ido ta rufe shi, sai an yi aiki, kuma sai ta zo da wanda zai zauna da ita. A hanyar gida ta faɗa wa Auta. Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Har ta fara sa masa albarka, sai ta lura kan yana tafiya daidai da "dum-dum-dum" ɗin da ke dukan bayan kujerarta. Wani zuwan ta sake ɗauko maganar. Ya ɗan rage, ya ce, "Na'am, Inna?" Kafin ta haɗiye yawu amshin waƙar ya zo, yatsa ya koma inda ya fito. Daga nan ta ja bakinta ta tsuke. Za a ce me ya hana ta faɗa masa a gida. Zuciya ce. Da furfurarta ba za ta tsaya layi bayan akwati ba.

Game da ciwon ajali, Inna tana so a sani cewa ba ta da hannu. Abin da ta taɓa faɗa a zuci kuwa, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne. So ne ya kashe marigayi. Auta da kansa, yana sauri, ya dunƙule wandonsa da fuskar a ciki ya ba mai wanki. Aka jiƙa, aka cuɗa, aka matse. Sai wajen guga mai wanki ya ji abu mai tauri, ya kawo shi har gida ya ce, "Maigida, ga wannan na tsinta. Ya dai fita tas."

Auta bai jira ta bushe ba, ya maƙala fuskar a jikin marigayi. Wani ɗan wari ya tashi. Aka garzaya da ita cikin buhun shinkafar Inna, aka binne, aka hana kowa ɗiba. Aka shanya ta a rana, Auta na gadi kamar mai jiran haihuwa. Da aka mayar, rabin idon ya buɗe, muryar ta dushe, ba abin da ake ji sai "khhh… tsss". Mai wayarin ya zo ya taɓa, ya girgiza kai ya ce wutar ta ci har ciki. Marigayi ya ce "tit" sau ɗaya, a hankali, ya rufe ido. Aka zare shi, aka bar rami.

A nan Inna za ta faɗi gaskiya. Duk tsawon zaman marigayi, Auta yana bin sa da waƙa, kuma muryar tasa ta mahaifinsa ce sak. Takan juya fuska wajen taga ta yi kamar ba ta ji. Tun ranar rasuwar bai ƙara rera ko baiti ɗaya ba. Baƙin cikin da aka ambata a sama, wannan ne, kuma na gaske ne.

Ranar asibitin da ta biyo baya, Inna ta mayar da tabaraunta cikin ramin. Suka yi ta tafiya, babu kiɗa sai ƙarar taya. Can ta miƙa hannu za ta ɗauka, hannun ya sauka gefe, ta yi ta lalube. Auta ya ce, "Inna, ga shi nan fa gabanki." Ta ce, "Ai wannan idon ya riga rediyonka tafiya." Ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya ce, "Tun yaushe?" Ta ce, "Tun kana gyaɗa kai." Ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya ciro farin hankicin nan, ya goge tabaraun, ya sa mata da hannunsa.

Marigayi ya bar lasifika huɗu, da ƙaton akwatin but wanda tun ranar bai ce komai ba, da filashi cike da waƙoƙi marayu, da wayoyi kala-kala suna reto. Ya kuma bar batir, wanda alhamdu lillahi ya samu sauƙi.

Za a sa marigayi cikin kwalin da ya zo da shi, a ɗora saman kabad bayan la'asar. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida kullum, ban da ranar Talata, domin ranar Auta zai kwana a asibiti wajen mahaifiyarsa. Mai wanki ya zo ba fargaba, an yafe masa, akwai ma kujerarsa. Mai wayarin kuwa ya aiko da tasa gaisuwar daga nesa. Duk wanda zai zo da labarin wani sabon rediyo mai allo, ya sani ramin yana da mai shi.

Auta ya yi alkawarin zai rera waƙa a hanyar dawowa, tunda idon Inna zai kasance a naɗe, ba ta da tagar da za ta kalla. Kiɗa dai babu. Za ta buga masa da tafin hannu a kan gwiwa.