Mijina Ɗaya Ne, Ranku Shi Daɗe

Zuwa ga Masu Girma, Masu Zurfin Bincike, Kwamitin Jera Gwanayen Ƙwallon Kwando na Bodinga da Shagari.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da manya, na karanta jerin gwanaye goma da kuka manna a bangon sabon filin wasa, wanda kuka ce ran Asabar za a raɗa masa sunan na ɗaya. Na gode ƙwarai. Sai da na karanta na san ashe maza uku nake aure.

Na ɗaya. A lamba ta huɗu kun rubuta sunan yankan maigidana, wanda bakina ba ya faɗa, alƙalamina ma haka. Kun ba shi shekara bakwai da ya yi yana wasa a Kano. Daidai ne.

Na biyu. A lamba ta shida kun sa Dogon Sifawa, da shekara taransa a Legas da Kwatano, har kuka ce salonsa ya yi kama da na lamba ta huɗu. Yaya ba zai yi kama ba? Gwiwa ɗaya ce, ni ke gasa ta da ruwan zafi har yau.

Na uku, nan ne na jinjina muku. Mai bincikenku, Malam Jamilu, ya zo gidanmu ya ga kofuna biyar a kan kabad, ya tambaye ni na wane ne. Na ce na Baban Nusaiba ne. Me zan ce? Shekara ashirin da shida ban kira sunan mutumin nan ba, sai don Malam Jamilu ya zo da biro? Ga shi yanzu Baban Nusaiba na lamba ta tara, da kofi biyar, ba tare da ya taɓa jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba. Ba wanda abin ya ɗaure wa kai a cikinku? Ku da kuka tashi a gidajen da iyayenku mata ba su kiran sunan iyayenku maza?

Na huɗu. Ban raina Kamal na Horo Birni da kuka ɗora a sama ba. Shekara goma ya yi, kofi biyu. Ku haɗa bakwai da tara, ku aza kofi biyar a kai, sannan ku gaya mini filin na wa ne.

Shi maigidana ba zai yi magana ba. Ya karanta jerin, ya yi dariya, ya koma gonar albasa yana ɗingishi. Ni ban yi dariya ba.

Roƙona, cikin ladabi: ku mayar da su mutum ɗaya kafin Asabar. In kuma kun tabbata uku ne, ku turo mini sauran biyun, cirar albasa ta zo, muna neman hannu.

Taku mai biyayya, mai durƙuso har ƙasa,

Safinatu 'yar Ummaru, Sifawa,
matar na huɗu, da na shida, da na tara.