Yadda Ake Ɓoye Yara Biyar a Unguwar Tsofaffi

"Ni dai Yaya, unguwar nan taku ko maƙabarta ta fi ta motsi," in ji ƙanwata, ko mayafi ba ta cire ba. "Tun daga tasha mutum ɗaya na gani, shi ma tsoho ne yana ba fulawa ruwa. Ya bi ni da ido kamar na sato masa akuya."

Na ce ta rage murya, yara biyu ne a gidan nan. Ta dubi yarana biyar a jere a kan tabarma, ta dube ni, ta ce ko in kira miki likita?

To ga yadda abin yake. Wata bakwai muna neman gida kusa da tashar bas ɗin da Baban yara yake hawa zuwa aiki cikin gari. Da muka samu wannan, mai gidan hayar ya ce maƙwabta duk 'yan fansho ne, ba sa son hayaniya, ba ya ba mai yara fiye da biyu. Baban yara ya ce "to." Ni ban ce komai ba, Allah shaida, kuma kullum ina masa istigfari. Amma ranar da aka gane, kayanmu a titi.

Yau watanmu takwas. Ke da kike cikin irin halina, bi matakan nan. Da yardar Allah ko tara gare ki, biyu za a gani.

Mataki na 1: Shigo da su cikin kaya

Ranar da za ku tare, biyu a gaban mota kusa da direba, a wanke su tas, su yi ta gaishe da mutane. Sauran a baya, tsakanin katifu. Ki ba kowa alewa a baki, mai alewa a baki ba ya tambaya ko an iso.

Mataki na 2: Ki san masu gadinki

Da ƙarfe bakwai na safe duk mai ƙarfi a jika ya hau bas ya tafi, ba za ki sake ganinsa ba sai magariba. Kar ki ce unguwa ta zama taki. Lokacin ne ma'aikatan gaskiya suke fitowa.

Ni biyu gare ni. Akwai Baba Mai Fulawa, wanda ƙanwata ta gani, yana ba fulawa ɗaya ruwa sau uku a rana don dai ya tsaya a bakin titi. Akwai kuma Malama, tsohuwar shugabar makaranta, tagarta tana kallon ƙofarmu. Shekara talatin tana ƙirga kawunan yara a aji, yanzu an sallame ta ba a ba ta abin ƙirgawa ba.

Ki riƙe wannan: tsohon da ya ce miki idonsa ya mutu, zare da allura yake nufi. Abin da ke tsakar gidanki tar yake ganinsa.

Mataki na 3: Fita bibbiyu

Ki ɗinka musu kaya iri ɗaya, yadi ɗaya, tela ɗaya. In za su makaranta, biyu ta ƙofar gaba, uku ta lungun shara. Gobe a canza, don kowa ya sha iskar titi, kar wani ya tashi yana zaton shi ɗan lungu ne.

Za a sami ɗan tangarɗa. Ran nan Baba Mai Fulawa ya tare ni, tiyo a hannu.

"'Yata, yaron nan naki lafiya kuwa? Jiya ya kawo min kafaɗa, yau da ƙyar ya kai ƙuguna."

Jiya babban ya gani, yau ƙanensa Gajere. Na ce, "Baba, ikon Allah ya wuce haka." Ki lura, ban yi ƙarya ba. Ya ce haka ne, ya koma kan fulawarsa yana salati.

Mataki na 4: Igiyar shanya munafuka ce

Babu mai tona asirin gida kamarta. Wando biyu kawai a waje. Sauran a kan ƙofar ɗaki, bayan kujera, hannun fanka, duk inda ya samu. Takalma kuma a buhu, kar ki bari su taru a bakin ƙofa kamar masallaci.

Kanti ɗaya ne a unguwar, mai kantin ma ya haura saba'in. Ya ce, "Biredi uku kullum, ku huɗu?" Na ce Baban yara yana da ci. Wannan ita ce ƙaryata guda ɗaya, na kuwa yi azumi a kanta. Bawan Allah ga shi siriri kamar tsintsiya, yanzu duk sanda ya wuce sai mai kanti ya bi cikinsa da kallo.

Mataki na 5: Murya

A unguwar da ake jin faɗuwar cokali daga gida na uku, dole ki koyi faɗa da ido. Ni yanzu harara ɗaya tana raba dambe. In uku suka sa kuka lokaci guda, ki ƙure talabijin.

Sai dai kowane gida da jarrabawarsa. Tawa ita ce ta ukun, shekararta shida, Rediyo muke ce mata. Ba ta da makunni ballantana makashi. In ta ga mutum sai ta gaishe shi, ta gaya masa sunanta, da sunan yayyenta da ƙannenta, da abin da muka ci, da abin da na ce game da hancin mai gidan haya. Ita kam 'yar lungu ce ta dindindin.

Mataki na 6: In an kama ki, ki ba da kujera

Wata Talata bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Na tura uku bayan labule, na buɗe. Malama ce da faranti.

"Na kawo wa yara biskit."

Na duba. Biyar. Na ce, "Kai Malama, ai sun yi musu yawa."

"Ɗaya-ɗaya ne," in ji ta. "Dogon, da mai tabo a goshi, da gajeren, da sarauniyar surutu, da ƙaramin mai tari da safe. Shi ki ba shi zuma."

 Na ce tun yaushe kika sani?

"Tun ranar da kuka zo. Shekarata saba'in da huɗu ban taɓa jin katifa ta yi atishawa ba."

Na ce Malama ki dubi girman Allah ki rufa mana asiri, ba mu da wurin zuwa. Ta zauna, ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa. Can ta ce jikokinta suna nesa, a waya take ganinsu, gidanta agogon bango ne kawai yake magana.

"Ki dinga turo min ƙaramin da yamma in koya masa karatu. Ku kuma na bayan labule ku fito, ina ganin ƙafafunku."

Mataki na 7: Ki raba su

Nan nake yanzu. Mai gidan haya ya aiko, ranar Asabar da safe zai zo da mai gyara su duba inda rufi yake yoyo, ɗaki-ɗaki. Labule ba zai yi ba.

Malama ta ɗauki Auta, a ranar zai zama jikanta. Baba Mai Fulawa, wanda ashe shi ma ya sani, wai tsokanata yake yi, ya ɗauki Gajere ya riƙe masa tiyo. Manyan biyu su ne na halal, suna gida.

Saura Rediyo.

Malama ta ce tana da hawan jini. Baba ya ce kunne ɗaya ya rage masa, yana so ya mutu da abinsa. Ƙanwata kuwa da ta gama zagin unguwarmu, ina buɗe baki ta tuna za ta yi ciwon haƙori ranar Asabar, ta suri jakarta.

Kafin in manta: duk wadda ta bi matakan nan aka watso mata kaya waje, ba ruwana, ban san ta ba, ba ta san ni ba. Ni shawara na bayar fisabilillahi. Alhakin yana wuyan wanda ya ce "to."

Amma ke da kika karanta har nan, ai mun zama 'yan uwa. Asabar ce kawai, daga ƙarfe tara zuwa azahar. Ba ta cizo, ba ta da ci, tana sallarta. Zan haɗo ta da biredinta. Magana ce dai, ita ma ba sai kin amsa ba.

Don Allah za ki riƙe min ita?