Tsinin Farfesa Ni-Na-Gano

In za a yi maganar manyan masana sai a gyara zama, don Farfesa Ni-Na-Gano ba kanwar lasa ba ne. Duk faɗin cibiyar binciken nan babu mai iliminsa, kuma zancen ba shi da shakka, tunda daga bakinsa muka ji shi. Farar rigarsa ta aiki ba ta taɓa sanin tabo ba. Alƙalami biyar ne a aljihunta, ɗaya ke rubutu, shi ma na sa hannu ne a kan aikin wasu. Ma'aikata ne suka laƙaba masa sunan, don ko makullin ofis aka tsinta sai ya ce shi ya fara hasashen inda yake. Burinsa a duniya guda ne: a ce yau ga wani abu a kimiyya da ake kira da sunansa.

Fanninsa RNA, wani siririn zare da ke cikin ƙwayoyin halitta, mai naɗewa ya warware, ya kama wannan ya saki wancan. Ido ba ya ganinsa, saboda haka ake maƙala masa ƙwayar sinadarin fulorin, kamar yadda ake rataya wa akuya ƙararrawa. Sai a zuba shi a 'yar siririyar kwalba, a zura cikin wani ƙaton maganaɗisu da ya fi mutum tsawo, a koma gaban kwamfuta. Zane ke fitowa mai tudu-tudu. Inda tudun ya tsaya shi ke nuna yadda zaren ya naɗe, in kuma ya kama wani magani sai tudun ya gusa. Wata baiwar Allah ce ke yin wannan duka, shekara goma sha bakwai ke nan, ana ce mata Uwar Na'ura. Na Farfesa ya fi wuya, shi ke yin bayani.

Allah kuwa ya yi shi mai feshin yawu in yana magana. A gida, da zarar ya ce "a kimiyyance", matarsa ke rufe kwanukan abinci, 'ya'yansa su ja kujera baya. Shi a ganinsa ladabi ne.

To, shi RNA bai da abokin gaba irin fatar hannu da yawun mutum, don akwai wani sinadari a cikinsu da ke yanka shi gunduwa-gunduwa. Shi ya sa kowa a ɗakin ke sa safar hannu da takunkumi. Kowa ban da Farfesa, wanda ya ce safa ta masu koyo ce.

Ran nan aka yi baƙi. Farfesa ya fizge kwalbar daga hannun Uwar Na'ura, ya cire murfin, ya ɗaga ta daidai haɓarsa, ya yi minti ashirin yana zuba musu bayani. Da aka sa ta a na'ura washegari, tuddan nan biyu da aka saba gani sun ɓace. A madadinsu ga wani tsini ɗaya, siriri, dogo, tsaye ƙyam.

"Ku shaida," in ji Farfesa. "Wannan sabuwar siffa ce ta RNA da duniya ba ta taɓa gani ba. Shekara talatin nake jin ta a jikina. Yau ta fito ta gaishe ni."

Nan take ya raɗa wa tsinin sunansa, har da muƙamansa uku. Uwar Na'ura ta ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin kamar samfurin ne ya..." Ya ɗaga mata hannu. Sau goma sha ɗaya ta maimaita gwajin da safarta da takunkuminta, tsini bai fito ba. Shi kuwa duk kwalbar da ya riƙa sai ya fito.

"Ai shi ya sa nake farfesa, ke kike danna maɓalli," ya ce mata cikin tausayi. "Kimiyya ta san hannun masu ita."

Kafin a shelanta wa duniya, shugaban cibiya ya ce sai wani masani daga waje ya tabbatar. Aka gayyato tsohon malamin Farfesan, wani ɗan dattijo mai ƙarancin magana. Ya dubi zanen, ya dubi Uwar Na'ura, ta sunkuyar da kai. Sai ya ce a kawo kwalba biyu.

Ta farko, ya sa ɗalibin nasa ya riƙe ta da safa da takunkumi, kuma kada ya ce uffan. Wanda bai ga Farfesa a wannan minti goma ba bai ga wahala ba. Idanunsa suka firfito, takunkumin na kumbura yana sacewa, bayani na cinsa a ciki. Ta biyu kuwa dattijon ya ce, "Cire abin nan, ɗana, ka yi mana bayani yadda ka saba." An sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Minti arba'in ya yi, har ya faro daga ranar da aka sa shi makaranta.

Bayan cin abincin rana aka auna. Kwalbar farko ta ba da tuddanta biyu lafiya lau. Ta biyu ta ba da tsini wanda ya fi na kullum tsawo.

Farfesa ya buɗe hannuwa ya juyo ga shugaban cibiya da ma'aikata. "Kun gani da idonku. Sai na sa kaina a cikin aikin gaba ɗaya yake fitowa."

"Gaskiyarka," in ji dattijon a hankali. "Kana cikinsa kuwa. Wannan tsinin gutsattsarin RNA ne da yawunka ya yayyanka. Na gaya maka tun kana aji ɗaya ka rufe baki a kan kwalba."

Masu iya magana sun ce baki shi ke yanka wuya. Farfesa ya buɗe baki zai kare kansa, Uwar Na'ura ta yi wuf ta rufe sauran kwalaben.

Amma kada mai hassada ya yi murna, don burin Farfesa bai faɗi ƙasa ba. A makon nan shugaban cibiya ya sa Uwar Na'ura ta rubuta ƙa'idojin haɗa samfur, aka manna a ƙofa, ɗalibai masu zuwa daga wasu cibiyoyi suna ɗaukar hotonsu su kai gida. Na ɗaya, sa safar hannu. Na biyu, sa takunkumi. Na uku, goge tebur. Na huɗu na ɗauke da cikakken sunansa, muƙaman nan uku ba a bar ko ɗaya ba, sannan aka ce: a tabbatar ba ya cikin ɗakin.