Ranar da Kaka Ta Turara Ni

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na nemi auren Falmata ba, ko na so in manta ma danginta ba za su bari ba.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Shabu, kusa da garin Lafia, kuma ni mutum ne mai tsabtar tsiya. Sabulun maganin nan mai warin asibiti, wanda ake cewa yana kashe ƙwayoyin cuta, da shi nake wanka safe da yamma tun ina ɗalibi. Man goge bakina mai kashe ƙwayoyi ne, abin shafa hammata ma haka. Ni dai in ba a ce abu yana kisa ba, ba na saya.

Sai abokin aikina Malam Audu, mai koyar da kimiyya, ya dawo daga wani taro ya zaunar da mu a ɗakin malamai. Wai sinadarin da ake zubawa a irin waɗannan sabulai yana ratsa fata ya shiga jini, har masana na zargin yana taɓa haihuwa. Haihuwa! Nan kunnena ya toshe. Na miƙe na tafi aji, sauran bayanin ya wuce ni. Ni da nake shirin aure, ashe shekara da shekaru guba nake dirzawa a jikina?

Ina isa gida na kwashe komai na zuba a masai. Ba na maganin kaɗai ba, duk wani abu mai kumfa (wa ya sani ko bakinsu ɗaya?). Na koma ruwa zalla da soso da asuwaki, a zafin Lafia, ina jin kaina wani wayayye da ya tsere wa annoba.

Ba a daɗe ba ɗaliban layin gaba suka koma layin baya, na ce kwarjinina ne ya ƙaru. Wani ɗan acaɓa ya ce mini, "Oga, matsa baya kaɗan, mashin yana ja gefe." Na matsa har kan kariyar ɗora kaya, ina ba shi haƙuri.

Gidan su Falmata gidan Barebari ne na asali, irin gidan da tun daga zaure ƙamshin turaren wuta da humra ke tarbar baƙo. Mahaifinta bai ba ni amsa ba, don akwai wani ma'aikacin kwastan mai mota da ke nema shi ma. Ya ce mu je mu gaida Hajiya Kaka, abin da ta yanke shi ke nan. Falmata kuwa tana makaranta a Keffi, sai ranar gaisuwar ta dawo, balle a ce ta ja mini kunne tun da wuri.

Na caɓa babbar riga ta shadda, na hau acaɓa da tsakar rana, Malam Audu ya raka ni (mura yake yi, Allah ya saka masa). Ɗaki cike da gwaggonni. Kaka ta ce, "Matso kusa, mijina, idona ba ya gani sosai."

Na matso. Ta ja numfashi.

"Falmata, ɓera ya mutu a ɗakin nan ne?"

Aka shiga nema. Aka ja gado, aka ɗaga tabarma. Ni kuma, don a ga ina da kirki, na naɗe hannun riga na shiga taya su. Na leƙa bayan kwanuka, suka ce lallai nan ne. Na koma wajen ƙofa, suka ce a'a, ya dawo nan. Har da ni ana toshe hanci, wallahi!

Can Kaka ta ɗaga hannu. "Ku bar wahalar da kanku. Ɓeran nan da hularsa ya zo."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ta sa aka kawo kasko, aka zuba turare, ta ce in tsaya a kansa in saki rigar, yadda ake yi wa amarya. Ga ni tsaye, hayaƙi na fita ta wuyana, gwaggonni na kwanciya don dariya, Falmata ta gudu bayan labule. Na tabbata mai mota ya gama da ni.

Cikin hayaƙin na ce, "Hajiya, don 'ya'yan da za mu haifa na yi." Na zayyana mata labarin sinadari, na nuna Malam Audu a matsayin sheda.

Ya dafe kai. "Kai jama'a! Cewa na yi a bar na maganin sai in likita ya ce, a koma sabulun gama-gari ko na salo, ya isa ya wanke datti. Wa ya ce ka daina sabulu gaba ɗaya?"

Kaka ta share hawayen dariya da gefen mayafi, ta ƙare mini kallo.

"Wanda zai yi wannan wari saboda 'ya'yan da ko cikinsu ba a yi ba, ba zai bar su da yunwa ba. Ku ba shi. Amma a wanke shi tukuna."

Har yau ba na sayen sabulun magani haka kawai, don maganar Malam Audu tana kan hanya. Sai dai na koyi abu guda: illar sinadari sai masana sun yi dogon bincike suke hangowa, rashin sabulu kuwa tsohuwa tana daga zaune take gano shi.