Ranar da Ɗalibaina Suka Naɗe Ni a Bargo

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar da 'yan ajina suka kayar da ni ƙasa a gaban surukina ba. Abin haushin kuma, ni na koya musu.

Bayan yaƙin Sudan ya sa mun baro birnin Madani mun dawo Gadarif wurin dangin mijina, na samu aikin koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata. Akwai ɗakin gwaji, ma'amal muke ce masa, amma a kulle yake, gizo-gizo ya gama gina gidajensa a ciki. Majalisar iyaye ma har ta sa masa ido, wai za a mayar da shi ɗakin ajiye buhunan dawa. Shugaban majalisar kuwa Haj Abakar ne, ƙanin mahaifin mijina, manomin riɗi a Simsim, mutumin da ko ashana bai yarda ya gani a hannun yaro ba.

"Ustaza," ya ce min, "'ya'yan mutane ne fa. In wuta ta kama wata, me za mu gaya wa uwarta?"

Ni kuma da iyayi (kun san mu, ko da katifa ɗaya muka gudo sai mun nuna daga birni muke) na ce, "Baba, a ba ni lokaci kaɗan, ku zo ku gani da idonku. In ba ku gamsu ba, ni zan taya ku shigar da buhunan."

Sai na sa yaran nan a gaba. Ba a cin ko ƙwayar gyaɗa a ma'amal. Ba a kai hanci bakin kwalba, ba a ɗanɗana komai ko da ya yi kama da sukari. Gefen ɗankwali a cusa shi cikin riga. Na ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa, na rataye bargo mai kauri a ƙusa. Babbar dokata kuwa ita ce, in wuta ta kama tufafin mutum kada a bar shi ya gudu, a kayar da shi, a naɗe shi da bargo, a mirgina. Wata ɗaliba, Zainaba, doguwa ƙaƙƙarfa da ke taya babanta yankan riɗi duk hutu, ta ɗaga hannu.

"Ko da babba ne, Ustaza?"

"Ko mudira ce, shugabar makarantar nan, ko uwarki ce," na ce ina buga tebur. "Ko me ya ce kada ku saurare shi."

Da bakina na faɗi haka, ba wanda ya matsa min.

Ranar da iyaye za su zo, na ɗauko farin tob ɗina, dogon mayafin nan da muke naɗe jiki da shi, mai ƙananan furanni a baki, wanda na fito da shi daga Madani a ƙasan jaka. Akwai farar rigar gwaji a rataye, amma na dube ta na ce haba, in tarbi surukina kamar mai sayar da nama? Na dai ɗaure gefen tob ɗin tam a ƙugu, na bar ƙaramin ɗankwali a kai. Na kunna fitilar sibirto, ɗan murhun da muke dafa abin gwaji, na ɗora ruwan gishiri a kanta don mu nuna yadda ruwa ke tafiya ya bar gishiri. Komai na tafiya daidai, har ina jin daɗin kaina.

Sai sallama. Ga Haj Abakar cikin jallabiya da rawani, mudira a gefensa, wasu iyaye a baya.

To, duk macen da ta tashi a ƙasar nan ta san abin da ke biyo baya. Da kin ga babba, hannunki ba ya neman shawararki. Nawa ya kwance ɗaurin nan, ya wulla gefen tob ta bisa kafaɗa don ya rufe min kai, na rusuna. "Baba sannu da zuwa, ya gona, ya mutanen gida?" Ashe a hanyarsa ta zuwa kaina, bakin tob ya biya ta kan fitila.

Ban ji komai ba. Ina cikin tambayar ciwon ƙafar Hajiya matarsa sai na ji ƙauri, har na ce a raina, wace shashasha ce za ta kunyata ni yau?

"Ustaza, wuta!"

Kafin in waiwaya Zainaba ta kwashe ƙafafuna, sai ji na yi tim a ƙasa. Bargo ya rufe ni. Hannuwa ta ko'ina, ana mirgina ni kamar ana naɗe tabarma. Ina ihu daga ciki, "Halas! Ya isa! Ta mutu!" Ina kuma jin Zainaba tana cewa, "Kada ku saurare ta, ita ta ce!" Wata mai himma ta juye min yashi, rabin bokiti. Ba su tsaya ba sai da na yi karo da wani abu, kuma abin nan takalmin surukina ne.

Da aka warware ni, ƙunar da ke jikin tob ba ta fi tafin hannu ba. Ni kuwa yashi har cikin haƙora, takalmina ɗaya a ƙarƙashin tebur, ɗankwali ya yi nasa wuri. Kan nan da na so in rufe saboda kunya, ga shi a fili, kitson ma ya kwana biyu. Wallahi na so in koma cikin bargon in ce su ci gaba. Kunya kam na sha, amma abin da ya fi ci min rai shi ne na san shi ke nan, ma'amal ya zama na buhuna.

Haj Abakar ya kawar da kai har na lalubo ɗankwalina. "Kin ƙone, 'yata?"

"A'a, Baba."

Ya dubi fitilar, wata ta riga ta kife mata murfi ta mutu. Ya dubi yaran suna haki. "Wa ya koya muku wannan?"

Duka suka nuna ni, ina zaune a ƙasa ina tofar da yashi.

Ya daɗe yana shafa gemu, ina ganin kafaɗarsa na rawa yana danne dariya. "To, a bar musu ma'amal ɗinsu," ya ce wa mudira. "Yaran nan ba na jiye musu tsoro. Malamar dai, a riƙa sa mata ido."

Labarin ya riga ni isa gida, ba sai na faɗa muku irin dariyar da na tarar ba. Tob ɗin yanzu yana rataye kusa da bargo, duk sabon aji sai na nuna musu ƙunar. Rigar mai sayar da nama kuwa kullum tana jikina, har maɓallin wuya. Na koyi cewa a ma'amal, fitila ake fara kashewa kafin a gaida kowa. Shi ma Baba ya koya. In ya zo makaranta, daga bakin taga yake tsayawa ya ɗaga murya: "Ustaza, kashe wutar tukuna. Gaisuwar ba sauri, ina jira."